GANYEN SINAWA A BARANDAR BENE: WANE IRI YA DACE DA MU?



An ba ni ɗan lokaci in yi magana a kan lambun gida. Da yawanku kuna zaune a gidajen haya ko a saman bene, ba gona, ba fadama. Kullum sai an sayi ganye, kuma ba mai tambayar da wane ruwa aka yi ban-ruwansa, alhali a gefen wasu biranenmu da ruwan kwata ake yi. Wannan kaɗai ya isa dalilin da magidanci zai ajiye bokiti uku ko huɗu a baranda.

Ganyen da na zaɓa baƙo ne daga ƙasar Sin. Sunansa pak choi, wasu su ce bok choy, ma'anarsa a harshen mutanen Kanton ita ce farin ganye. Ɗan uwan kabeji ne, sai dai ba ya dunƙulewa. Yana da kara mai kauri da ruwa-ruwa, ga ganye mai laushi. Saiwarsa ba ta nisa, don haka tsohon bokiti mai zurfin taƙi ɗaya, wato kamar santimita 20, ya wadatar, muddin an huda gindinsa.

Iri biyu ne manya. Akwai mai farin kara da ganye kore shar, wanda a cikinsa Joi Choi ya yi suna. Yana girma sosai, yana son fili, yana kai kwana 45 zuwa 50 kafin a cire. Wannan na mai tsakar gida ne. Akwai kuma mai koren kara, wanda ake dangantawa da birnin Shangai. Gajere ne, kuma daga cikinsa Mei Qing Choi ya fi jure zafi. In da ni za a tambaya, shi zan ba mazaunin Kano ko Sakkwato ko Maiduguri. Mai ƙaramar baranda kuwa ya nemi Toy Choy, ɗan tsurut da shi, wanda ake ci cikin kamar kwana 30.

Amma fa a kula, zaɓen lokaci ya fi zaɓen iri muhimmanci. Ganyen nan ɗan sanyi ne. Da zafi ya matsa masa, ko ƙasar ta bushe, sai ya tsiro dogon kara a tsakiya ya yi fure, ganyen ya yi tauri da ɗaci, wahala ta tashi a banza. Saboda haka a shuka shi daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin hunturu, kamar yadda masu lambu suke yi wa latas da kabeji. Mutanen Jos Allah ya huwace musu, lokacinsu ya fi namu tsawo. Iskar hunturu tana busar da bokiti da wuri, sai a riƙa ba shi ruwa safe da yamma, a kuma ajiye shi inda hantsi ke taɓa shi amma ranar azahar ba ta dukansa.

Wajen sayen iri a duba kwanan watan da ke jikin takardar, domin irin da ya daɗe a shago cikin zafi ba ya tsira da kyau. In an ga an rubuta F1, to haɗe-haɗe ne. Kada a ajiye 'ya'yansa don baɗi, ba za su fito kamar uwarsu ba. A gauraya ƙasa da busasshen kashin awaki da ya ruɓe. Tsutsar da ke cin kabeji tana cin wannan ma. A riƙa juya ganye ana tsince ta da hannu, aikin da ya dace a ba yara, su ma su san ƙasa. Ruwan jiƙon ganyen darbejiya yana taimakawa.

Iyayenmu mata za su tambaya yadda ake cinsa. Ba ya son dogon dahuwa. A fara jefa karan, sannan ganyen, minti biyu ko uku a sauke. Yana shiga fate, yana shiga dafa-duka da taliya.

Da bazara ta kama a watan Maris, a juye bokitin a sake masa taki, a watsa alayyafo. Shi zafin nan abokinsa ne, kuma cikin mako huɗu an fara tsinka.