Jawabi a kan Hauhawar Sukari a Jini, da Misali daga Ƙasar Bagudo



Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai ciwon sukari nau'i na biyu yakan yi shekaru yana harkokinsa lafiya lau, sa'an nan cikin 'yan kwanaki sukarin jininsa ya haura miligiram 600 a kowace desilita, ya yi ta fitsari, jiki ya bushe, hankali ya gushe, har ya kai ga doguwar suma. Wannan masifa ba ta faɗowa haka kawai, tana da ƙofofi, kuma huɗu daga cikinsu zan ambata.

Ta farko ita ce wata cuta ta dabam, watau zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon huhu, ko na mafitsara, ko gyambon ƙafa. Duk sukan ingiza sukari sama, ko da majiyyaci ya kasa cin abinci.

Ta biyu ita ce ƙishirwa. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a Jihar Kebbi. Manomin shinkafa a fadamun Kwara wajen Illo, ko falken da ya wuni a kasuwar Lolo, in ya kashe ƙishirwarsa da lemon kwalba, ya ƙara wa wuta mai ke nan. Tsofaffi sun fi shiga haɗari, domin jin ƙishirwa yakan ragu da shekaru.

Ta uku ita ce barin magani. Ɗan kasuwa ya bi ta Tsamiya ya ƙetara Segbana cikin Jamhuriyar Benin da niyyar kwana uku, ya yi mako biyu, ƙwayoyinsa su ƙare. Allurar insulin kuwa zafi yakan lalata ta, sai a adana ta a inuwa kusa da randa.

Ta huɗu ita ce shan ƙwayoyi irin su dexamethasone don neman ƙiba ko sauƙin ciwon gaɓoɓi, alhali suna tayar da sukari ƙwarai.

To, jama'a, daga ƙauyukan kan iyaka zuwa manyan asibitocin Birnin Kebbi tafiya ce mai nisa. Saboda haka in kun je gida hutu, kuka ga dattijo mai ciwon sukari yana yawan fitsari da gyangyaɗi da rikicewar magana, kada ku ce tsufa ne. Ku ba shi ruwa zalla in yana iya haɗiya, ku kai shi asibiti mafi kusa a auna jininsa tun ranar.

Allah ya ba mu lafiya.