Wake, guba da buhu mai ninki uku

Wa ke nan da bai taɓa ganin an barbaɗa maganin ƙwari cikin wake kafin a ɗinke buhu ba? Wannan waken fa shi ke komawa tukunyarmu, yara su ci.

To, tun 2007 masu bincike na INRAN a Maraɗi da jami'ar Purdue ta Amurka suke yaɗa buhun PICS: leda biyu ciki, buhu a waje. In an ɗaure tam, iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu, ba ɗigon magani. Amma huda ɗaya, ko ta ɓera ce, ta ɓata aikin.

Ku da kuka yi lakkol, ranar kasuwar Dutsi ko Tibiri ku tsaya wurin masu wake, ku gwada musu ɗaurin, leda bayan leda.