Sojan da Ya Dawo da Rai, da Gidan da Ya Tarbe Shi

Laccar da aka gabatar a garin Bana na gundumar Gaya, gaban ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati.

 

Ba a kwatanta wa mutumin Bana soja. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da aka toshe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, kaki ya yawaita a wannan yanki: a bakin kogi, a kan hanyar Kamba, da kuma gefen bututun man da ya taso daga Agadem ya ratsa jihar Doso ya nufi gaɓar tekun Benin. Ɗan kasuwa ya lissafa asarar da rufe gadar ta jawo masa dala-dala, ma'aikacin duwan kuma ya ga yadda kuɗin shiga suka ja baya. Akwai lissafi na uku wanda ba a cika yi ba, wato abin da zama cikin ɗamara dare da rana ke yi wa hankalin yaron da ke riƙe da bindiga, da hankalin matarsa da ƴaƴansa.

Waɗanda suka kwanta dama an ƙidaya su. A tsibirin Karamga na tafkin Cadi, cikin Afrilu 2015, sojoji 46 ne suka rasu. A Inates, ranar 10 ga Disamba 2019, an rasa 71; a Shinagodar, ranar 9 ga Janairu 2020, an rasa 89, wato rayuka 160 ke nan cikin wata ɗaya. Cikin Yuni 2024 aka kashe sojoji 6 masu gadin bututun mai a nan jihar Doso. A ƙetaren kogi ma haka abin yake, domin Benin ta rasa sojoji 54 a yankin dajin W cikin Afrilu 2025. Bayan Inates an yi makoki na kwana 3, an sassauto tuta, an yi addu'o'i, kuma hakan daidai ne. Amma kowane hari yana da waɗanda suka tsira: wanda ya kwana a ɓoye cikin ƙaya yana jin kururuwar abokinsa, wanda ya loda gawarwaki a mota da hannunsa. Su ba a karanta sunayensu a rediyo. Sai a ba su ɗan hutu, su iso gida da jaka ɗaya, dangi su taru suna barka da arziki.

Barkar na nan wurinta. Sai dai bayan mako biyu ko uku uwargida takan fara lura da abin da baƙi ba su gani ba. Maigida ba ya barci, in ma ya runtsa sai ya farka a firgice cikin gumi. Tayar babur ta fashe a kasuwa, sai ya faɗi rub da ciki. Yaro ya ƙwanƙwasa kwano, sai ya kai masa mari, alhali kuwa a da shi ne mai ɗaukarsa a wuya. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. Ƙaurin nama a tukuba kan tayar masa da zuciya, kuma in an tambaye shi labarin daji sai ya tashi ya bar majalisa. Likitoci sun ce duk mai lafiya yana iya jin irin wannan a kwanakin farko. Idan ya zarce wata guda yana hana aiki da zaman gida, to ya zama ciwo mai neman magani. Turawan Ingila sun gan shi a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya suka ɗora laifin a kan ƙarar igwa. Likitocin Amurka ba su shigar da shi littafinsu da suna na kansa ba sai 1980, bayan yaƙin Biyetnam. Frantz Fanon, wanda ya yi aiki a asibitin mahaukata na Bilida a Aljeriya daga 1953, ya tarar da shi a jikin wanda aka azabtar, ya kuma tarar da shi a jikin ɗan sandan da ya yi azabtarwar. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da ake yaƙi, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana ɗauke da wata larurar hankali, ƙarama ko babba.

Matsalar farko suna ce. A bariki ana kiransa ragwanci, a gida a ce iska ce ko sammu, a kasuwa kuwa a ce ya taɓu. Sojan da ya san cewa kalmar "Pavillon E", sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, ta zama abin zolaya a bakin yara, da wuya ya kai kansa can, musamman in yana tsoron a karɓe bindigarsa a tsaida masa ƙarin girma. Sai ya nemi magani a faifan ɗan talla. Tiramol da ke yawo a tashoshin kan iyaka yakan ba shi ƙarfin yini guda, ƙwayar barci ta ba shi dare guda, daga nan ciwo ɗaya ya zama biyu. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gargaɗi likitoci da kada su ba wanda ya fito daga tashin hankali ƙwayoyin dangin Valium a watan farko, balle a saye su a bakin tasha. Addu'a da rubutun sha suna kwantar da zuciya, babu mai jayayya da haka. Sai dai malami nagari, in ya ga mutum na maganar ya gaji da rayuwa, shi da kansa yake rakiyarsa wurin likita a ranar.

Sai gida. Matar soja a ƙauye tana kwana da waya a ƙarƙashin matashi, kowace lambar da ba ta sani ba gabanta ya faɗi. In labarin ya tabbata, ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, ta fito ta tarar da takardu: na aure, na haihuwar yara, na mutuwa, na gado. Auren da aka ɗaura a ƙofar gida da goro, ba a kai shi ma'aikatar magajin gari ba, yakan jinkirta haƙƙin marayu ƙwarai. A nan ne ma'aikacin da ke bayan tebur ke da hannu a lafiyar mutane ba tare da ya karanta aikin likita ba, domin takardar da ya danne wata uku, wata uku ne na rashin barci ga wata baiwar Allah. Wadda ta fi kowa wahala ita ce matar wanda aka ce ya ɓace, ba gawa, ba labari: ba ta takaba, ba ta zaman aure.

Masu shekaru sun tuna ƙarshen Fabrairu 1992, lokacin gwamnatin riƙon ƙwarya ta Amadu Shefu, da sojoji suka kame gidan rediyo suka tsare Farfesa André Salifou saboda bashin albashi. Sun tuna kuma boren Difa na 2002. Damuwar bariki, in aka ƙyale ta, ba ta tsayawa a bariki.

Maganin bai fi ƙarfin ƙasa ba. Tun 2008 akwai tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na koya wa malaman jinya na ƙananan asibitoci gane larurorin hankali da kula da su, ba sai an jira ƙwararre daga Yamai ba; ana iya yin haka a asibitin Gaya da ɗakin shan magani na Bana. A riƙa sauya sojan da ya daɗe a bakin daga, a duba hankalinsa kafin hutu kamar yadda ake duba hawan jininsa, a kuma rubuta a doka cewa neman wannan magani ba ya rage wa kowa igiya. A Oktoba 2023 an kafa asusun haɗin kai na ceton ƙasa, ƴan kasuwa da ma'aikata sun zuba kuɗinsu a ciki. Wanda ya zuba yana da ikon tambayar mahukunta a fili: cikin kowace jika da aka tara, dala nawa aka keɓe wa likitan hankali a bariki, nawa kuma ga zawarawan sojoji na Bana da Bengu da Tunuga?