Wa Aka Tambaya Kafin a Kai 'Ya'yanmu Yaƙin Ƙasar Wani?

Wannan shi ne jawabin da wani Malami ya gabatar wa matasa a garin Ruwan Bago da ke ƙaramar hukumar Rogo, bayan sallar La'asar, a farfajiyar wata makarantar Islamiyya. An taƙaita shi saboda ƙarancin fili. A sha karatu lafiya.

Bayan ya yi godiya ga Allah (T) da salati ga Manzo (S), Malamin ya fara da jefa wa mahalarta tambaya. Ya ce, “'Yan uwa, a nan garin in za a sayar da gonar gado, ba sai an tara magada ba? In za a aurar da yarinya, ba sai an nemi waliyyinta ba? To, yaya aka yi za a ɗauki ɗan mutum, a sa shi a jirgi, a kai shi yaƙi ƙasar da ubansa bai taɓa jin sunanta ba, ya shekara biyu ko uku a can, amma babu wanda ya ce wa uban ci kanka?” Ya ce maganar ta shafi kowa a wurin, domin duk shekara samarin Rogo da Ƙaraye suna cike takardar shiga soja, wasu don sha'awa, mafi yawa don noman damina kaɗai ba ya riƙe gida.

Malamin ya ce abin da yake faɗi ya riga ya faru. A watan Agustan 1990, zamanin Janar Babangida, aka sauke sojojin ECOMOG a Monrobiya, babban birnin Laberiya, inda Charles Taylor ya tayar da yaƙi tun ƙarshen 1989, kuma Nijeriya ce ta ɗauki mafi nauyin kayan, ta fuskar mutane da ta kuɗi. Ba a gama da wannan ba sai ga na Saliyo. A watan Mayun 1997 sojoji suka kifar da Ahmad Tijan Kabba, Janar Abaca ya sa aka kore su, aka mayar da shi kan mulki a watan Maris na 1998. Ya ce, “Ku duba abin mamaki. Ana kai 'ya'yanmu su mutu don a mayar wa wata ƙasa da zaɓaɓɓen shugabanta, alhali a nan gida babu majalisa, babu zaɓaɓɓen shugaba, babu ko wurin da talaka zai tsaya ya ce nawa suka mutu.”

Ya ci gaba da cewa sojojin Nijeriya a Saliyo sun kai wajen 12,000, kuma a ranar 6 ga Janairun 1999 'yan tawaye suka kutsa birnin Firitawun, aka yi mummunar asarar rayuka. A daidai lokacin nan kuwa ana shirin zaɓen shugaban ƙasa na 27 ga Fabrairu. Nan take maganar dawo da sojoji gida ta shiga bakin 'yan takara, Obasanjo da Olu Falae duk suka yi alkawarinta. Bayan rantsar da Obasanjo aka fara janye su kashi-kashi, Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa tata rundunar a watan Oktoban 1999, ECOMOG ta tattara a watan Mayun 2000. Shi Obasanjon da bakinsa ya ce Nijeriya ta kashe kimanin dala biliyan 8 a yaƙe-yaƙen biyu.

Malamin ya ce, “Ka ga darasin ke nan. Shekara tara ana yi, ba a waiwayi talaka ba. Ranar da aka buƙaci ƙuri'arsa, a ranar aka tuna cewa yana da ɗa a bakin daga.”

Daga nan ya juya kan yadda wasu ƙasashe suka yi. Ya ce Faransa ta yi yaƙi a Aljeriya daga 1954 zuwa 1962, kuma da Janar Digol ya ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya mayar da maganar ga jama'arsa. Aka yi ƙuri'ar raba gardama a watan Janairun 1961, aka sake wata a Afrilun 1962, inda kusan kashi 90 cikin ɗari suka amince da yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yaƙin. A Sifaniya kuwa zaɓe ne ya raba gardamar. A watan Maris na 2004 jama'a suka kayar da jam'iyyar da ta tura sojoji Iraƙi, sabuwar gwamnati ta kwashe sojojinta su kimanin 1,300 kafin ƙarshen Mayu. A Amurka ma, wasu garuruwa a jihar Wiskonsin sun kaɗa irin wannan ƙuri'a a 2006 kan Iraƙi, mafi yawansu suka ce a dawo da sojoji, sai dai tasu ƙuri'ar shawara ce kawai, ba ta ɗaure gwamnati ba.

Ya ce kada wani ya zaci tambayar jama'a baƙon abu ne a wurin Musulmi. Kafin yaƙin Badar, Manzo (S) ya yi ta neman shawara har sai da ya ji ta bakin mutanen Madina, domin alkawarin da suka ɗauka na kare shi ne a cikin garinsu, wannan kuwa fita ce waje. A shekara ta 8 bayan Hijira, da zaman Ɗa'ifa ya yi tsawo ba a ci garin ba, ya ce a koma, sahabbai suka nuna ba su so, ya bar su suka sake gwadawa, aka ji musu raunuka, da ya sake cewa a koma sai suka yi murna. Malamin ya ce, “Wanda wahayi ke sauka gare shi ya saurari mutanensa a kan fita da komawa. To, wane ne shugaban da zai ce shi ya fi ƙarfin ya tambaya?”

Da ya zo kan dokar ƙasa, Malamin ya bayyana cewa tsarin mulkin 1999 bai tanadi ƙuri'ar raba gardama a kan yaƙi ba. Ya tanade ta a kan ƙirƙiro sabuwar jiha da kuma yi wa ɗan majalisa kiranye. Abin da sashe na 5 ya ƙunsa shi ne, shugaban ƙasa ba zai shelanta yaƙi da wata ƙasa ba sai majalisu biyu sun zauna tare sun amince, kuma ba za a tura soja ko ɗaya fagen fama a waje ba sai da yardar Majalisar Dattawa. In gaggawa ta sa ya tura, to cikin kwana bakwai da fara faɗa zai nemi yardarta, ita kuma ta ba da amsa cikin kwana 14. Wato ke nan, in ji shi, bakin mutumin Ruwan Bago a wannan magana yana hannun Sanatan Kano ta Kudu, sannan ɗan majalisar Ƙaraye da Rogo in abin ya kai ga shelanta yaƙi.

Ya tuna musu da abin da ya faru a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, ƙungiyar ECOWAS ta ba sojojin wa'adin kwana bakwai tare da barazanar amfani da ƙarfi. Jama'ar Arewa suka ce ba su yarda ba, domin jihohi bakwai ne ke iyaka da Nijar, kuma Maraɗi da Katsina dangi ne. Sanatocin Arewa suka fito fili suka ƙi, a ranar 5 ga Agusta Majalisar Dattawa ta ce a bi hanyar sulhu, malamai suka tafi Yamai. Ba a yi yaƙin ba. Ya ce ba a kafa akwati ko ɗaya ba, amma an ji muryar mutane.

A lokacin tambayoyi wani matashi ya miƙe ya ce, “Allah ya gafarta Malam, shin talakan da bai san sirrin yaƙi ba, ba zai yi zaɓen tumun dare ba?” Malamin ya ce tambayar tana kan hanya, domin janyewa ma tana da nata haɗarin. A watan da ECOMOG ta bar Saliyo, 'yan tawaye suka kama sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya kusan 500. Ya kuma ce ba ana nufin kowane soja ya bar wurin da aka tsayar da shi in ya ga dama ba, kowa ya san abin da barin dutse ya jawo a Uhudu. Dabarun fagen fama na kwamandoji ne. Amma a tafi ko kada a tafi, a zauna ko a dawo, wannan haƙƙin masu 'ya'yan ne, kuma maganin jahilcinsu shi ne a gaya musu gaskiya, ba a rufe musu baki ba.

A ƙarshe ya ce shi ba ya yi wa kowa tallar jam'iyya. Abin da ya nema shi ne, duk wanda ya zo neman wakilcinsu, a tsayar da shi a gaban dattawa a yi masa tambaya huɗu. Me za mu je yi? Yaushe za a dawo? Wa zai faɗi adadin waɗanda suka mutu? Wa zai riƙe matansu da marayunsu? Ya ce, “Wanda ya kasa amsa waɗannan a ƙofar gidanku, ba zai tambaye su a Abuja ba.”

An rufe zaman da addu'a gab da Magariba.