Yadda Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa Ke Gwada Lamba da Lamba



Kowa a zauren nan na Birnin Kebbi ya san bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin. Idan masunta suka fito daga Matan Fada da homa da gora, tambaya ɗaya ce ke gaban alƙalan gasa: kifin wa ya fi nauyi? Irin wannan tambaya ce na'ura mai ƙwaƙwalwa take amsawa sau miliyoyi cikin daƙiƙa guda, kuma yadda take amsawa shi ne batunmu yau.

A harshen asambali, watau harshen da ya fi kowane kusa da ƙwaƙwalwar na'ura, umurnin gwadawa sunansa CMP. Bari mu ɗauki 8086, ƙwaƙwalwar da kamfanin Intel ya fitar a 1978. A cikinta akwai 'yan ma'ajiyai da ake kira rijista, biyu daga cikinsu su ne AL da BL, kowace tana da gurbi takwas, kowane gurbi kuwa 0 ne ko 1. In an rubuta CMP AL, BL, na'urar za ta ɗebe abin da ke BL daga abin da ke AL, sa'an nan ta yar da amsar. Lambobin biyu suna nan yadda suke. Abin da ya rage kurum shi ne tutoci, wasu gurabe da ke tashi ko su kwanta: tutar sifiri in lambobin daidai suke, tutar aro in ta farko ta gaza, da tutar alama, da tutar ambaliya in amsar ta fi ƙarfin ma'ajiyar.

To, ga inda gizo ke saƙa. CMP ba ya yanke hukunci. Shaida kawai yake bayarwa. Mai hukunci shi ne umurnin tsalle da ke biye da shi, kuma iri biyu ne. JA yana ɗaukar gurabe takwas ɗin a matsayin lamba daga 0 zuwa 255. JG kuwa yana ɗaukarsu daga 128 ƙasa da sifiri zuwa 127.

Alal misali, a ce an sa na'ura ta riƙa ƙidaya nauyi da rabin kilo. Kifi mai kilo 75, irin wanda ya ci gasar 2005, ya zama 150 ke nan. Mai kilo 60 ya zama 120. An gwada, an sami 30, ba aro, ba sifiri, sai JA ya ba babban kifi nasara. Amma a wurin JG, 150 ɗin nan ba 150 ba ce, 106 ce ƙasa da sifiri. Tutar ambaliya ta tashi, ta alama tana kwance, sai ya ƙi tsalle, kyauta ta tafi ga mai kilo 60. Na'urar ba ta yi kuskure ba ko kaɗan, mai rubuta umurni ne ya yi mata tambayar da ba ita yake nufi ba. Kuma muddin kifayen da aka jarraba shirin da su ba su kai kilo 64 ba, ba wanda zai ga aibin. A ganina wannan ne ya sa kuskuren ya fi sauran haɗari, domin ma'aikacin da ke lissafin albashi ko buhunan shinkafa ba zai gane shi ba sai ran da adadi ya yi girma.

Ɗalibai kuma su lura, ba duka na'urori ne suka yi ittifaƙi a kan tutar aro ba. A ƙwaƙwalwar ARM, wadda ke cikin yawancin wayoyin hannunmu, tutar tana tashi ne in ba a yi aro ba, akasin 8086.

Iyakar adadi irin wannan tana jiran duniya. Na'urorin da ke ƙidaya daƙiƙoƙi tun daga farkon 1970 cikin gurbi 32 mai alama za su cika ranar 19 ga Janairu, 2038, daga nan agogonsu ya faɗa ƙasa da sifiri, ya nuna Disamba ta 1901.