Kifi Mai Gida Biyu: Daga Tafkunan Ƙanƙara Zuwa Fadamar Galma

Mai girma shugaban taro, iyayena malamai, dattawan masunta da suka baro bakin Galma suka shigo Ƙofar Doka da hantsin nan, ɗalibai maza da mata.

Zan fara da kifin da ba a taɓa kamawa a ƙasar Zazzau ba, domin labarinsa ne ya buɗe mini ido a kan namu. Can ƙuryar arewacin duniya, a Kanada da Girinlan da Nowe, akwai wani kifi ɗan uwan salmon wanda Turawa ke kira car, mutanen Inuwit kuma suke ce masa ikaluk. Duk cikin kifayen ruwan daɗi babu wanda ya kai shi nisa arewa. A tafkin Hazen da ke tsibirin Elesmiya, shi kaɗai ne kifin da ke rayuwa. Sunan Ikaluwit, babban birnin yankin Nunabut da aka kafa a 1999, ma'anarsa wurin kifi.

A tafki ake ƙyanƙyashe shi, a can yake shekarunsa na ƙuruciya. In ya tasa, sai ya jira bazararsu, lokacin da ƙanƙara ke narkewa, ya bi rafi ya gangara teku. Ba ya yin nisa da gaɓa, kuma ba ya wuce 'yan makonni, amma a cikinsu yake cin abincin da zai riƙe shi shekara. Kafin sanyi ya kankama ya juyo gida. Me ya koro shi daga wurin abinci? Ruwan gishiri ba ya daskarewa sai sanyi ya kai kusan digiri 2 ƙasa da sifili, jinin wannan kifi kuwa ba ya jure haka. Ruwan tafki da ke ƙarƙashin ƙanƙara ya fi ɗumi, shi ya sa yake fakewa a can wata da watanni. Teku rumbunsa, tafki ɗakin kwanansa, rafin da ke tsakani kuwa shi ne ransa. Inuwit sun san haka tun kaka da kakanni, suna jera duwatsu a rafi su tare shi sa'ad da yake dawowa da kitse. Masana na yau suna maƙala masa 'yar na'ura mai aika sauti, ko su duba ɗan dutsen da ke cikin kunnensa, wanda ke ajiye alamar kowace shekarar da ya shiga ruwan gishiri.

To, mu dawo gida. Ku cire ƙanƙara ku sa rani, ku cire teku ku sa fadama, sai ga kifinmu tsaye a gabanku.

Baba, kai da ka shekara arba'in kana jefa birgi, ka fi ni sanin abin da tarwaɗa ke yi daren da aka yi ruwa mai ƙarfi na farko. Takan bar gurbin da ta yi rani a ciki, ta haura da sabon ruwa, ta kutsa cikin ciyawar da ambaliya ta shanye, wani lokaci ma bayanta a waje. A nan take zuba ƙwai, cikin kwana ɗaya ko biyu su ƙyanƙyashe. Bargi yakan share wuri cikin ciyawa ya yi sheƙa kamar tsuntsu. Ruwan fadama ba zurfi, ga ɗumi, ga ƙwari da ruɓaɓɓen ganye, ga maɓoya daga bakin tsage da giwan ruwa. Kifin da za mu ci da rani, a nan yake girma da damina. Ruwa na fara janyewa da kaka, manya da ƙanana su bi shi su koma kogi. Gaiwa ce kawai ta zaɓi wata dabara: ta nutse cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta kwanta har wata daminar.

Abin da nake so mu riƙe shi ne, idan muka ga madatsa cike maƙil sai hankalinmu ya kwanta, mu ce ai ga ruwa, kifi ya samu gida. Gida ɗaya ya samu. Ɗayan kuma, da hanyar zuwa can, mun datse.

Tafkin Chadi ya riga ya nuna mana. A shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000. A lokacin, kawara takan bar tafkin ta haura kogunan Shari da Logon, tafiyar ɗaruruwan kilomita, ta yi ƙwai, 'ya'yanta su girma a filayen ambaliya na arewacin Kamaru, sannan su gangaro tafki. Farin shekarun 1970 ya karya wannan zagaye, kawara ta yi ƙaranci, tarwaɗa da karfasa masu jure ruwan kwance suka cike gurbinta. A 1979 aka gina madatsar Maga domin noman shinkafa, ambaliyar da ke shayar da filayen Logon ta ragu ƙwarai. Amma ku ji ƙarshen zancen: a 1994 aka buɗe wata tsohuwar mashiga aka bar ruwa ya sake malala, ciyawa ta dawo, kifi ya dawo, masunta da makiyaya suka biyo baya.

A wajenmu, madatsun Tiga ta 1974 da Challawa ta 1992 sun canza numfashin kogin Haɗeja. Da can yakan cika ya batse da damina, ya ƙafe da rani. Yanzu ruwa na tafiya kaɗan-kaɗan duk shekara, ciyawar kacalla ta samu abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru. Ba na zagin madatsa. Ni ma ruwan Galma nake sha, kuma na san abin da noman rani ya yi wa gidaje da dama. Abin da ke damuna shi ne, ranar da ake lissafin rabon ruwa, ana kiran mai famfo da mai tumatir, ba a kiran Sarkin Ruwa.

Alhali kuwa iyayenmu suna da ilimin nan a aikace. Kogin Matan Fada a Argungu, inda ake bikin kamun kifin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ba a barin kowa ya yi su a wurin sai ranar da aka buɗe. Kare mafakar rani ke nan. Garuruwa da yawa suna da irin wannan gurbi mai doka. Yau kuwa akwai mai zuba maganin ƙwari a gurbi ya kashe uwa da 'ya'ya, akwai mai tare bakin mashiga da gidan sauro ya kwashe kifin da bai kai ɗan yatsa ba. Wallahi duk sa'ad da na ga irin wannan a tire a kasuwa, raina yakan ɓaci.

Rafin Kubanni na zuba a Galma, Galma na zuba a kogin Kaduna, Kaduna ta ratsa Shiroro ta isa Neja. Hanya ɗaya ce, kuma muna zaune a kusa da kanta. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru tun 1962, da ɗaliban da ke neman abin bincike. Roƙona gare ku, 'ya'yana, kafin ku nemi na'ura mai tsada, ku ɗauki littafi da alƙalami ku zauna da waɗannan dattawa. Su nuna muku kowace mashiga da kifi ke bi ya hau fadama, da watan da yake hawa, da gurbin da ba ya ƙafewa, da wanda yashi ya cike. Ku zana taswirarsu, ku kai wa masu kula da madatsun, a nemi su saki ruwa a makonnin da tarwaɗa ke haurawa. Ku kuma iyayenmu masu unguwanni, dokar hana su a manyan gurabe da rani a hannunku take, kuma damina saura wata uku.