Talo-talon Takarda

A Amurka, idan Nuwamba ta kama, malaman ajin share fage, inda ake tarbiyyar yara 'yan shekara biyar, sukan sa yaro ya kifa hannunsa bisa takarda a zagaye shi da fensir, babban yatsa ya zama kan talo-talo, sauran huɗun su zama gashin jelarsa. Da zane guda ya ƙidaya biyar, ya kuma rubuta harafin farko na sunan tsuntsun. Wannan kam hikima ce.

Inda nake da ja shi ne tarihin Bikin Godiya, bikin da ake zana talo-talon dominsa, wanda Shugaba Lincoln ya ayyana wa ƙasa baki ɗaya a 1863. Akan karanta wa yara ƙissar walimar 1621 a Plymouth, inda baƙin Ingila suka ci abinci tare da mutanen Wampanoag, 'yan asalin yankin, amma sau da yawa a tsallake annobar da ta gabace ta da yaƙin 1675 da ya biyo baya, alhali kuwa tun 1970 'yan asalin ƙasar suke taruwa a garin a ranar bikin domin zaman makoki.